Dokar abincin makaranta: irin ta Birazil za a nema ko irin ta Skotland?

Gwaggona ta yi shekara biyu da ɗoriya cikin matan da ke dafa wa 'yan firamare abinci a shirin gwamnatin tarayya. Duk ranar da alat ya shigo wayarta, washegari da sassafe za ta naɗe buhunan da ba komai ciki ta hau motar kasuwa zuwa gari, ta auno shinkafa da wake da manja a wurin 'yan sari. Abin da ya riƙa ɗaure mini kai shi ne waken nan. Sau da yawa daga ƙauyenmu ya fita. Maƙwabcinta ne ya noma, ya sayar wa dillali da kaka a kan araha don ya biya bashin taki, dillali ya kai gari ya jibge a sito, ita kuma ta biya kuɗin mota ta je ta sayo shi da tsada, ta dawo ta girka shi a bayan katangar wanda ya noma shi. Wata rana na ce mata, "Gwaggo, me ya hana ki saya a hannunsa kai tsaye?" Ba ta ko ɗago daga tsintar da take yi ba ta ce, "Ɗan nan, lokacin da yake da wake ni ba ni da kuɗi, lokacin da kuɗi suka zo shi ba shi da wake."

Sunan shirin kuwa cewa yake da amfanin gonar gida za a ciyar da yara. Amma a lokacin babu dokar da ta ce ga kason da za a saya a hannun manomin yankin, babu wadda ta yanke ranar sakin kuɗi, babu kuma wadda ta tilasta wa wani ya zo gaban majalisa ya faɗi inda aka kwana.

Ba takardu muka rasa ba. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta lissafa abincin rana cikin abubuwan da za a ba ɗalibi kyauta. A 2005 gwamnatin Obasanjo ta gwada ciyarwa a jihohi 12 da Abuja, abin ya mutu kusan ko'ina in ban da Osun. A 2016 aka sake tayar da shi a kan naira 70 ga kowane yaro ɗan aji 1 zuwa 3, daga baya aka mayar naira 100. A 2017 Osinbajo, yana riƙon ƙwarya, ya sa hannu a umarnin shugaban ƙasa mai lamba 003, wanda ya ce aƙalla kashi 40 cikin 100 na abin da hukumomin tarayya ke kashewa a kan wasu kayayyaki, har da abinci, ya tafi ga kayan da aka samar a cikin ƙasa. A watan Maris na 2023 Buhari ya sa hannu a gyaran tsarin mulki da ya ambaci haƙƙin samun abinci, sai dai an ajiye shi a Babi na 2, babin da sashe na 6 ya hana kotu tilasta wa gwamnati cika abin da ke cikinsa. A Janairun 2024 kuma sanarwa guda daga fadar shugaban ƙasa ta dakatar da shirye-shiryen gwamnatin tarayya na tallafa wa jama'a gaba ɗaya, har da na ciyarwa.

To a ce kai ɗan majalisar jiha ne da ke son kawo ƙudiri a kan wannan batu. Ko ke shugabar ƙungiyar mata manoma ce da aka gayyata zaman jin ra'ayin jama'a, aka ce ki zo da shawara a rubuce. Akwai dokoki biyu a duniya da suka cancanci a shimfiɗa su a kan tabarma a duba, ta Birazil da ta Skotland. Tun daga tushe suka rabu. Ta farko lamba ta rubuta ta ce a cika. Ta biyu hanya ta shata, ta ce gwamnati ta riƙa dawowa majalisa tana bayani. Dole ɗaya ta zama ginshiƙin ƙudirin, don haka sai an zaɓa.

Birazil

Ciyar da ɗalibai ba sabon abu ba ne a can. Tun 1955 ake yi, kuma yau shirin yana kai wa yara kusan miliyan 40 a makarantun gwamnati. Abin da doka mai lamba 11.947 ta watan Yunin 2009 ta kawo sabo yana cikin sashe na 14: daga kuɗin da asusun ilimi na tarayya, FNDE, ke tura wa jihohi da ƙananan hukumomi don abinci, aƙalla kashi 30 cikin 100 dole a sayi kayan abinci da su kai tsaye daga ƙananan manoma masu noma da iyalinsu, ko daga ƙungiyoyinsu. A 2025 aka yi gyara aka ɗaga kason zuwa 45, ya fara aiki daga 2026.

Yawancin masu yabon dokar a nan suke tsayawa, su ɗauki lambar su tafi da ita taro. Ni a ganina lambar ce mafi sauƙin rubutawa. Abin da ke biye da ita ya fi ta aiki, domin dokar ta yarda a yi wannan sayayya ba tare da gasar neman kwangila ba, muddin farashin ya yi daidai da na kasuwar yankin kuma kayan sun cika sharaɗin tsafta. Duk wanda ya taɓa leƙa ofishin bayar da kwangila ya san abin da wannan ke nufi. A gasar da aka saba, ana neman rajistar kamfani, da takardar biyan haraji, da shaidar banki, sannan wanda ya fi sauke farashi shi ke ci. Manomi mai kadada biyu tun daga bakin ƙofa aka sallame shi. A Birazil sai hukuma ta fitar da sanarwa ga jama'a: muna buƙatar rogo kaza, ayaba kaza, wake kaza, ga ranakun kawowa, ga farashin da za mu biya. Farashin tun farko aka yanke shi, daga matsakaicin abin da aka samu a kasuwanni aƙalla uku na yankin, aka ɗora kuɗin dako da ƙunshi. Saboda haka ba a kan araha ake takara ba. In masu nema sun yi yawa, manomin cikin ƙaramar hukumar ake fara ba, sai na maƙwabta, sai na jiha, sai na ƙasa. A cikinsu kuma ana fifita waɗanda gwamnati ta tsugunar a filayen da aka raba, da 'yan asalin ƙasar, da jikokin bayin da suka gudu suka kafa garuruwansu. Daga 2023 aka ƙara ƙungiyoyin mata.

Akwai ƙananan ƙusoshi guda biyu da ke riƙe da wannan rumfa. Na ɗaya, manomi sai ya nuna takardar shaidar da gwamnati ke ba ƙaramin manomi, wadda ke tabbatar da girman gonarsa da cewa iyalinsa ne ke aikin. Na biyu, akwai iyakar abin da gida ɗaya zai sayar wa hukuma ɗaya a shekara, wadda a 2021 aka yanke ta a kan real 40,000 na kuɗin ƙasar, don kada wani mai baki ya haɗiye kason gaba ɗaya. Sannan jadawalin abincin ba hedimasta ko ɗan kwangila ke tsara shi ba. Masanin abinci mai gina jiki ne ke da alhakinsa, kuma doka ta ce ya duba abin da ake nomawa da abin da aka saba ci a yankin. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. In jadawali ya ce tuffa a garin da mangwaro ke ruɓewa a ƙasa, kason manomi ya mutu tun a takarda.

Wa ke sa ido? Kowace ƙaramar hukuma dole ta kafa kwamitin abincin makaranta mai mutum bakwai: ɗaya daga gwamnati, biyu daga malamai da ma'aikata da ɗalibai, biyu iyaye, biyu daga ƙungiyoyin al'umma. Wa'adinsu shekara huɗu, ba albashi, kuma wakilin gwamnati ba ya shugabantar kwamitin. Su ke shiga kicin da sito, su ke duba lissafin shekara su ba da ra'ayinsu a kai. Ƙaramar hukumar da ta ƙi kafa kwamiti, ko ta kasa kawo lissafi, FNDE na da ikon tsayar mata da kuɗi.

Lura da cewa majalisar dokoki ba ta cika fitowa a wannan hoto ba. Aikinta babba ta yi shi sau ɗaya, ranar da ta rubuta lamba, sai kuma kasafin kowace shekara. Bin diddigin yau da gobe yana hannun iyaye da malamai, da kotun binciken kuɗi da ke taimaka wa majalisa, da masu gabatar da ƙara. Kai hatta dokar ma ba salin-alin ta fito ba. Ƙudirin farko ya maƙale a majalisar dattawa, sai da Shugaba Lula ya bi ta dokar wucin-gadi a farkon 2009, daga baya majalisa ta mayar da ita cikakkiyar doka.

Tana da ramuka, kuma ɗaya daga cikinsu mun san shi kamar yunwar cikinmu. Doka ta faɗi kason manomi, amma ba ta faɗi nawa za a kashe wa kowane yaro ba, ta bar wa hukuma. Sai kuɗin ɗan firamare ya tsaya cik a kan real 0.36 a rana tun daga 2017, kayan abinci na ta hawa. A 2022 majalisa ta sa ƙari a dokar tsara kasafi, Shugaba Bolsonaro ya soke wannan sashe. Sai a 2023 aka mayar da shi real 0.50. Labarin naira 70 ke nan da wata riga. Ban da wannan, kason ya shafi kuɗin tarayya ne kawai, ban da abin da jiha ko ƙaramar hukuma ta ƙara daga aljihunta. Doka kuma ta bar ƙofofi uku na uzuri: in manomi ba zai iya ba da rasit ba, in ba zai iya kawo kaya a kai a kai ba, ko in tsafta ta gaza. Ƙananan hukumomi da yawa, musamman manyan birane, sun yi shekaru ba su kai kashi 30 ɗin ba.

Amma ga abin da ya sa nake ganin girmanta. Ranar 1 ga Janairun 2019, ranar farko ta mulkinsa, Bolsonaro ya rushe majalisar ba da shawara kan wadatar abinci ta ƙasa, CONSEA, wadda ta taka rawa wajen haifar da wannan tsari. Sai a 2023 aka dawo da ita. Duk tsawon shekarun nan sashe na 14 yana nan daram, manomi na kai ayabarsa makaranta, don rushe shi sai an koma majalisa an tsaya gaban jama'a an ce a cire.

Kuma ba baƙon abu ba ne a yankinmu. Daga 2012 an gwada irin wannan sayayya daga ƙananan manoma a ƙasashen Afirka biyar da tallafin Birazil, har da jihar Maraɗi a Nijar. Ranar ciyar da ɗalibai ta Afirka, 1 ga Maris, a Yamai aka fara bikinta a 2016.

Skotland

Skotland yanki ne na Birtaniya mai mutum kusan miliyan biyar da rabi, da majalisarsa mai kujeru 129 a Edinburgh. Tun 2014 gwamnatin yankin ta fito da manufar zama ƙasa mai abinci nagari. Ƙudirin doka bai iso majalisa ba sai Oktoban 2021, aka zartar a Yunin 2022.

In ka buɗe dokar kana neman kaso, ko farashi, ko nawa za a saya daga manomin gida, ba za ka samu ba. Abin da ta ce shi ne ministoci su rubuta tsarin abinci na ƙasa, su faɗi sakamakon da suke nema, da ma'aunin da za a gane ko an cim ma, da matakan da za su ɗauka. Ƙananan hukumomi 32 da hukumomin lafiya na yankuna su ma kowace ta rubuta nata. Duk shekara biyu a kawo rahoton ci gaba, duk shekara biyar a sake duba tsarin. Faɗinta ya fi na Birazil nesa ba kusa ba, don ta taɓo lafiya, da muhalli, da jin daɗin dabbobi, da ilimi, da talaucin yara, da sana'ar abinci.

Inda ta burge ni shi ne abin da majalisa ta yi wa ƙudirin. Yadda gwamnati ta kawo shi, babu wani gurbi na musamman da aka tanadar wa majalisa don tantance tsarin, babu kuma hukuma mai zaman kanta da za ta auna aikin. Kwamitin harkokin karkara ya zauna ya saurari manoma, da likitoci, da jami'an ƙananan hukumomi, da ƙungiyoyin yaƙi da yunwa, ya ce sa idon da ke ciki bai isa ba. Kafin a zartar, an ƙara abu biyu. Dole a ajiye daftarin tsarin a gaban majalisa na kwana 60, aƙalla 30 daga ciki ranakun da majalisa ba ta hutu, sannan ministoci su rubuta yadda suka yi da ƙorafin da aka kawo da rahoton kwamiti. Aka kuma kafa hukumar abinci ta Skotland don ta riƙa duba tsare-tsaren tana ba da shawara. Wannan sharaɗin na kwana 30 ya nuna wanda ya rubuta shi ya san halin gwamnati. In ba haka ba, ana jajibirin dogon hutu za a kawo takardar, kwanakin su ƙare majalisa ba ta zauna ba.

Sai dai majalisa tana dubawa ne ta yi magana, ba ta da ƙuri'ar amincewa ko ƙin tsarin. Kuma kalmar da ke yawo ko'ina cikin dokar ita ce ministoci "su yi la'akari da" kaza. An nemi a rubuta haƙƙin samun abinci kai tsaye, gwamnati ta ce a jira wata dokar haƙƙin ɗan Adam da ke tafe, wadda daga baya aka ɗage ta. Saurin aikin kuma na hawainiya ne. An fara jin ra'ayin jama'a kan daftarin farko a Janairun 2024, bai isa gaban majalisa ba sai tsakiyar 2025, shekara uku bayan zartar da doka. Na ƙananan hukumomi kuma sai bayan wannan.

Me ya hana su rubuta kaso kamar Birazil? Hannunsu a ɗaure yake. Dokokin sayayyar gwamnati da suka gada daga Tarayyar Turai, da yarjejeniyoyin kasuwanci da Birtaniya ta shiga, sun hana hukuma ta ce a babbar kwangila sai ɗan yankinmu kaɗai. Sai suka koyi zagaye. Ƙaramar hukumar East Ayrshire, wadda ta fara tun 2004, ta yayyanka kwangilar abincin makaranta ƙanana-ƙanana, madara daban, ƙwai daban, nama daban, kayan lambu daban, ta kuma ba sabunta kaya da lokacinsu maki mai tsoka a wajen tantancewa. Da haka ƙaramin mai gona ya iya shiga takara ya ci. Dabara ce mai kyau, amma ta rataya ne ga jami'in da ya damu. Ranar da ya yi ritaya ko kasafi ya matse, babu sashen doka da manomi zai nuna ya ce an tauye shi.

Wace ce ta fi dacewa da mu

Tambayar farko da za ka yi wa kanka ita ce, wa ka fi yarda da shi a jiharku: kwamitin majalisa, ko iyayen yara? Dokar Skotland ta ɗora nauyinta gaba ɗaya a kan majalisar da ke da ma'aikatan bincike, wadda kwamitocinta ke iya ce wa minista a'a ba tare da kujerar kowa ta girgiza ba. Ba sai na faɗi yadda alaƙar yawancin majalisun jihohinmu da gidan gwamnati take ba. Ka ɗauko "su yi la'akari da" ka dasa a nan, kwamishina zai zo ya ce ai ya yi la'akari, a tafa, a tashi. Wa'adin gwamna shekara huɗu ne. In aka yi tafiyar Skotland, kafin daftari ya iso zaure an shiga kamfe, wanda ya gaje shi kuma ya ce zai kafa kwamiti ya sake dubawa.

Ita kuwa lamba ko ɗan sakandare zai iya auna ta. An saki naira kaza, an sayi na kaza daga manoma, ya kai kashi 30 ko bai kai ba? Babban mai binciken kuɗi na jiha zai iya sa wannan a rahotonsa, ɗan jarida zai iya tambaya a rediyo, ƙungiyar manoma za ta iya zuwa kotu. Kuma mu babu wata yarjejeniyar Turai da ta ɗaure mu. Saboda haka in sayen amfanin gonar gida ne abin da ya dame ka, ni dai ta Birazil zan ce ka ɗauka a matsayin ginshiƙi, ba tare da wata-wata ba.

Amma kada a ruɗi kai, ta fi wuyar aiwatarwa, kuma ta fi sauƙin sacewa. Duk wanda ya taɓa ganin yadda sunaye ke shiga jerin rabon taki ya san abin da zai faru washegarin zartar da doka. Ɗan kwangilar jiya zai yi rajistar ƙungiyar gama-kai da sunan matansa da direbansa da mai gadinsa, ya je Dawanau ya lodo hatsi, ya kawo a matsayin ƙaramin manomi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ƙudirin da ya rubuta kashi 30 bai rubuta wane ne ƙaramin manomi ba, da wa zai tantance shi, da iyakar abin da gida ɗaya zai sayar, gara ma kada a kawo shi. Sunayen kuma a manna su a bangon makaranta da ƙofar dagaci, inda kowa ya san wanda ke riƙe fartanya da wanda bai taɓa riƙewa ba.

Haka nan sai ƙudirin ya faɗa ɓaro-ɓaro cewa wannan sayayya ta fita daga gasar kwangila ta yau da kullum. Dokar sayayyar gwamnatin tarayya ta 2007 ta ɗauki tsaga kwangila don kauce wa ƙa'ida a matsayin laifi, jihohi da yawa kuma sun kwafi tsarinta. Raba sayayya gida-gida don manomi ya shiga abu ne daban, amma jami'in da ke tsoron takardar tuhuma ba zai tsaya bambancewa ba. Zai ba kamfani ɗaya ya huta.

Batun uzuri ma sai an yi hattara. Akwai ƙananan hukumomi a Zamfara da Katsina da Sakkwato da manomi bai isa ya je gonarsa ba sai da izinin 'yan bindiga. Dole doka ta bar musu ƙofa. Amma duk hukumar da ta bi ta wannan ƙofa, ta rubuta dalilinta ta kai majalisa, in ba haka ba kowa zai zama mai uzuri.

Akwai wanda ta Skotland ta fi masa. In burinka ya wuce makaranta, kana son asibitoci da gidajen marayu da sansanonin 'yan gudun hijira su shiga tsari ɗaya, da maganar tamowa da ta ajiyar hatsi, to lamba ɗaya ba za ta ɗauke wannan duka ba. Haka in jiharku ba ta ma san buhu nawa take saya a shekara da wanda take saya a hannunsa ba, dokar da za ta tilasta a ƙirga a bayyana ta fi babu. Haka kuma in ka tabbata gwamna ba zai sa hannu a kan kaso ba, kuma ba ku da kashi biyu cikin uku da za ku tsallake shi. Sai dai ka san abin da ka samo kalanda ce ta ranakun tambaya. Kada ka koma mazaɓa ka ce wa manoma ka samo musu kasuwa.

Ko wanda ya zaɓi ta Birazil akwai abu ɗaya da ya kamata ya ciro daga Edinburgh, wato rana. Sashe na 128 da na 129 na tsarin mulki sun riga sun ba majalisar jiha ikon bincike da kiran kowa ya zo ya yi bayani. Ikon na nan, amma ba shi da rana, shi ya sa ba a cika tuna shi ba sai an ɓata da wani kwamishina. A rubuta cewa kowace shekara, kafin a kare kasafin ma'aikatar ilimi, sai an ajiye rahoton sayayyar bara a gaban majalisa, ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma, ya kwana 60, a kira zaman jin ra'ayi, kwamishina ya amsa a rubuce. A Skotland shekara biyu suke yi. Mu shekara biyu ta yi nisa, farashin masara ma ba ya kwana inda ya yini.

Ramin naira 70 kuwa, babu ɗayarsu da ta toshe shi, sai an leƙa Indiya. Dokar wadatar abinci ta 2013 a can ba da kuɗi ta auna abincin ɗalibi ba. Cewa ta yi ɗan ƙaramar firamare ya samu kalori 450 da giram 12 na sinadarin gina jiki a abincin rana. In aka rubuta naira, hauhawar farashi za ta cinye ta, kamar yadda aka kai lokacin da ƙwai ɗaya ya fi kuɗin da aka ware wa yaro gaba ɗaya. In aka rubuta awo, kasafi ne zai bi doka.

Daga ina za a fara? Ni da makarantun kwana zan fara. Kuɗinsu na jiha ne, ba sai an jira Abuja ba. Suna da sito, suna da kuku, an san yawan bakin da ke ci sau uku a rana. A fara da abin da ba ya lalacewa da wuri: gero, dawa, masara, shinkafar gida, wake, man gyaɗa, kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa. Tumatir da ganye da madara su jira sai hanya ta faɗa. Kwamitin sa ido kuma ba sai an ƙirƙiro sabo daga sama ba, makarantu na da kwamitocin al'umma, a gyara zubinsu kawai, iyaye mata su samu kujeru, shugabanci kuma kada ya faɗa hannun wanda gwamnati ke biya albashi.

Saura maganar Gwaggo, wadda za a rubuta mata sashe nata na kanta. Shekarar kasafi daga Janairu take farawa, kuɗi kan fito can cikin bazara, hatsi kuwa daga Oktoba zuwa Disamba yake hannun manomi. Sashen ya ce a ƙulla yarjejeniya da ƙungiyoyin manoma kafin ruwan shuka, a faɗa musu buhu nawa ake so da yadda za a yanke farashi, a ware kuɗin sayen hatsin shekara a asusu na musamman kafin watan Oktoba, a kuma biya manomi cikin kwanakin da doka ta ƙayyade bayan an auna kayansa a sito. In an wuce ranar, sunan hukumar da adadin bashin su fito a rahoton da za a kai majalisa. Duk ƙudirin da aka miƙo muku a zaman jin ra'ayi, ku fara buɗe shi ku nemi wannan sashe, in babu ku tambayi mai gabatarwa a wane wata yake nufin a sayi waken.